Wasan share fage: daga gonakin Niyu Zilan zuwa filayen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Duk shekara, da zarar ƙungiyoyin ƙwallo sun shiga wasannin share fage kafin a buɗe kakar wasa, sai shafukanmu su cika da yanke hukunci. A ci Katsina United ɗaya a wasan da ko maki ba a bayarwa, sai ka ga an rubuta a sallami koci, alhali mutumin bai gama riƙe sunayen yaransa ba. Su kuma su ci wata ƙaramar ƙungiya huɗu da nema, sai a fara maganar inda za a ajiye kofi. Haka mutanen Sai Masu Gida suke yi a Kano, su kuwa masu bin Arsenal da Barcelona a gidajen kallo sun fi kowa zafi.

Hujjar 'yan kallo ɗaya ce kullum, wai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Shi kuma koci cewa yake ba a fafe gora ranar tafiya, dole ya gwada yaran da ya ɗauko, ya ga wanda zai iya minti 90 da wanda numfashinsa ke ƙarewa a minti 20. Kowa da gaskiyarsa. Amma akwai mutum na uku da ba a sa shi a lissafi, shi ne yaron da ke tsaye a bakin fili yana kallo, kuma saboda shi na zauna wannan dogon rubutu. Ku yi mani haƙuri, zan bi ta nesa kafin in iso gida.

Zan fara da zari-ruga. Na san wani zai ce ina ruwan Bakatsine da zari-ruga. To ni dai tun 2019, da Afirka ta Kudu ta doke Ingila 32 da 12 a wasan ƙarshe na kofin duniya a Japan, Siya Kolisi ya zama baƙar fata na farko da ya ɗaga kofin a matsayin kyaftin, nake ɗan bibiyar wasan. Ga wanda bai taɓa zama ya kalla ba: mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 80 ake yi, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce. Da hannu ake ɗauka a ruga, ba a miƙa wa ɗan'uwa gaba sai dai baya ko gefe, kuma halal ne a rungume mai ƙwallo a kai shi ƙasa. Wanda ya dire ta a bayan layin abokan hamayya ya samu maki 5, bugun da ke biyo baya maki 2. Akwai kuma wata turereniya da ƙarti takwas-takwas suke haɗa kafaɗu su yi ta ture juna, wadda duk wanda ya taɓa kallon kokawa zai gane abin da ake nema a cikinta.

A Niyu Zilan, inda wasan ya zama kamar abincin yau da kullum, manyan ƙungiyoyinsu suna buɗe kaka ne a watan Fabrairu, kafin nan kuma sukan yi wasannin gwaji. Idan ka leƙa abin da magoya bayansu ke rubutawa bayan irin wannan wasa, wallahi sai ka rantse mutanen Funtuwa ne suka koma Turanci. Wannan ya ce ƙungiya ta mutu bana, wancan ya ce sabon yaron nan shi ne magajin wane, wani kuma ya tsaya yana tuna masu cewa manyan 'yan wasa fa ba su buga ba, kuma koci ya sauya kusan kowa bayan hutun rabin lokaci. Halin ɗan kallo ɗaya ne ko'ina. Abin da ya bambanta, wanda kuma shi ya tsaya mani a rai, shi ne wurin da suke kai wasan.

Crusaders ta birnin Christchurch, wadda ta fi kowace ƙungiya cin gasarsu, da maƙwabciyarta Highlanders ta Dunedin, sun ɗauki shekaru suna kai wasansu na share fage ƙananan garuruwan manoma, irin su Darfield da Temuka da Waimumu. A Waimumu ma cikin makiyayar wani manomi aka share fili aka kafa turaku. Wato 'yan wasan da ake gani a talabijin su ne za su shiga mota su je ƙauyen da shanu da tumaki suka fi mutane yawa, su buga wasa, a tashi su tsaya suna gaisawa da yara. Shi mai wayar da ke birni yana ta faɗa a kan sakamako, shi kuma ɗan manomin da ke bakin layi ya ga da idonsa cewa waɗannan mutane ne kamar yayansa, suna haki, suna zufa, suna faɗuwa. Gani ya kori ji. Kuma gwaji a wajensu tsohuwar al'ada ce. A 1897 suka fara haɗa tsibirin arewa da na kudu su kara, masu zaɓen 'yan wasan ƙasa na zaune suna kallo. A Satumban 2020, ana tsakiyar korona, sun yi wannan karawa a Wellington ba ɗan kallo ko ɗaya a fili, kudu ta ci 38 da 35.

To me ya sa wasan da Turawan Ingila suka kai Niyu Zilan da Afirka ta Kudu da Fiji ya zauna daram, mu kuma da suka mulke mu kusan shekara 60 ko sunansa ba mu riƙe ba sai da gidajen rediyo suka raɗa mashi zari-ruga?

Wasan ya samo sunansa ne daga makarantar garin Rugby a Ingila. Labarin da suke bayarwa shi ne a 1823 wani ɗalibi, William Webb Ellis, ya sunkuci ƙwallo ya ruga da ita ana tsakiyar wasa. Masana tarihi da yawa suna ganin ƙagaggen labari ne, amma dai sunansa ne a jikin kofin duniya har yau. Abin da yake tabbas shi ne an rubuta dokokin wasan a makarantar a 1845, an kafa hukumar ƙwallon ƙafa a 1863, masu ɗauka da hannu kuma suka kafa tasu a 1871. Sai a 1895 aka samu ɓaraka. Ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila, waɗanda 'yan wasansu ma'aikatan haƙar kwal ne da na masaƙu, suka nemi a riƙa biyan mutum kuɗin yinin da ya rasa idan ya bar aiki ya je wasa. Masu hali na kudu suka ce atafau wasa na sha'awa ne, ba a haɗa shi da kuɗi. Sai talakawan suka ɓalle a garin Huddersfield suka kafa nasu salon. Shi kuwa wanda ya rage a hannun 'ya'yan manya, sai a 1995 aka yarda a biya ɗan wasa albashi. Shekara 100 cur.

Wannan yana da muhimmanci ga labarinmu, domin jami'an mulkin mallaka da aka riƙa turo mana galibi daga irin waɗancan makarantu na 'ya'yan manya suka fito. Sun san wasan sarai. Amma a Najeriya sai ya tsaya a kulob ɗinsu, su da ma'aikatan kamfanoni, su buga su sha abin shansu su watse. Babu wani sarki ko babban mutum namu da ya ɗauke shi ya ce nawa ne, kuma ba a dasa shi a makarantunmu yadda aka dasa wasu ba.

Ku dubi waɗanda aka dasa. An buɗe Kwalejin Katsina a hukumance ranar 5 ga Maris 1922, Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe ta. Ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, wadda muka sani yau da Kwalejin Barewa. A can Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. Cikin wasannin da ake koya masu akwai kurket, akwai kuma ƙwallon bango, wanda Turawa ke kira Fives, inda ake dukan 'yar ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango uku. Wani malami Bature mai suna Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina a shekarun 1920, shi ya shigo da shi. A Ingila wasan 'yan tsiraru ne ƙwarai, na makarantar Eton da ire-irenta. Amma a nan sai aka yi mashi gyara irin namu, aka koma amfani da ƙwallon tanis domin mai taurin tana cin bangon ƙasa. Sardauna ya ƙware a wasan tun yana ɗalibi, bai kuma daina ba har ya zama Firimiya. Yana buga shi a bainar jama'a, ɗaliban kwalejin da suka bazu cikin En'e-En'e suka gina wuraren wasan a garuruwansu. Ga shi yau shekara 60 ke nan ko kusa da haka da rasuwarsa, ana gasar Kofin Sardauna, kuma taron da ƙwallon bango ke tarawa a Arewa ko a ƙasar da aka ƙirƙiro shi ba ya tara irinsa. Kurket kuwa, da bai samu uban gida irin wannan ba, sai ya zama labari a wajen yawancinmu.

Haka folo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya karɓi ƙwallon doki hannu biyu ya sa 'ya'yansa da mahayan fada a ciki. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, da ya gaje shi har zuwa 1981, yana cikin gwanayen da Najeriya ba ta taɓa yin kamarsu ba a wasan, Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman duk suka bi sahu. A nan abin bai yi wuya ba, domin an tarar da doki a gida, an tarar da sukuwa da hawan Sallah. Sanda da ƙwallo kawai aka ƙara. Folo wasan masu hali ne, ba musu, amma a fili ake yin sa, talaka yana zuwa ya kalla, kuma da yawa daga cikin gwanayen mahaya 'ya'yan masu kula da dawaki ne da suka taso a bakin filin.

Ita ƙwallon ƙafa ba ta ma jira uban gida ba. Wasan farko da aka rubuta labarinsa a Najeriya an yi shi ne a Kalaba a 1904, tsakanin 'yan makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Daga nan ta bi makarantu, ta bi barikin soja da na 'yan sanda, ta bi layin dogo, irin wanda ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. An fara Kofin Gwamna a 1945, Kano ta ɗauko shi a 1953, Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978. Duwatsu huɗu da ƙwallon tsumma sun isa a fara. Duk wanda ya taso a Ƙanƙara ko Yankara ko Daudawa ya san haka, kuma yatsun ƙafarsa shaida ne.

A nan zan yi wa zari-ruga adalci, akwai matsalar ƙasa. Wasa ne da ake faɗuwa sau da yawa, yana son ciyawa mai laushi. Mu kuwa lokacin da ƙasarmu ke da laushi, wato damina, samari suna gona. Lokacin da suka samu sarari bayan kaka, fili ya zama fako, wanda ya faɗi a kai sai ya bar fata. Amma wannan bai isa hujja ba, domin a Kano akwai kulob ɗin Barewa da ya daɗe yana koya wa yara wasan, akwai ƙungiyoyi a Kaduna da Zariya da Jos, kuma ƙasarsu ba ta fi tamu laushi ba. Sannan mu da muke zuba rairayi mu yi kokawa a kai, ba mu ne za mu ce ba mu san dabarar faɗuwa ba.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce 'yan Najeriyar da suka yi fice a wasan. Victor Ubogu, haifaffen Legas, ya buga wa Ingila a shekarun 1990. Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi aka ba kyaftin ɗin Ingila a 2025, kuma shi ya jagoranci haɗakar Birtaniya da Ayalan zuwa Ostareliya a shekarar. Dukkansu a makarantun Ingila suka haɗu da wasan. Jini ɗaya, ƙashi ɗaya da yaran da ke nan. Ita kuwa ƙungiyarmu ta ƙasa, Black Stallions, ba ta taɓa leƙa gasar kofin duniya ba. Fiji, da mutanenta ba su kai miliyan 1 ba, ta ci zinare a gasar Olamfik ta 2016 a salon mutum bakwai-bakwai, ta kuma maimaita a Tokyo. Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne wasa yana zama ne a inda yaro ya gan shi da ido, ya ga babba yana yi, ya kuma samu fili a kusa da gida da zai kwaikwaya.

Mu ma fa ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Kalmar share fage da muke ara wa ƙwallo, ai fagen dambe da kokawa ne asalin fage. Duk wanda ya taɓa zuwa dambe bayan kaka, lokacin da rundawa ke yawo gari-gari, ya san ba da manya ake farawa ba. Yara ake fara sakawa, sai matasa, kalangu na tashi a hankali, sai can yamma ta yi sannan manyan su miƙe. Kuma ɗan kallon dambe ya fi ɗan kallon ƙwallo hankali a wannan wuri. Ba ya cewa Kudu ta mutu ko Guramaɗa ta ƙare don an kashe wani ɗan yaro a turmin farko. Abin da yake dubawa shi ne tsayuwar yaron, yadda yake tsare fuska, ko yana da zuciya bayan ya sha naushi. Sai ka ji dattijo ya ce ku riƙe sunan yaron nan. Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa har duniya ta san shi, ai shi ma wata rana yaro ne da aka tura share fage.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki wannan suka mayar da shi tsarin ƙasa. Tun 1975, da aka fara a Tawa, suke gasar kokawa ta takobi. Kowace jiha tana tace 'yan kokawarta tun daga ƙauyuka har ta fitar da 10, jihohi 8 su haɗu, kuma gasar zagayawa take yi, bana nan baɗi can. Ba a ce sai Yamai kaɗai ba. Shi ya sa yaro a ƙauyen Doso ko Maraɗi yake da hanyar da yake gani daga dandalin garinsu har zuwa takobi, irin wadda Issaka Issaka ya bi.

Yanzu mu dawo kan 'yan kallonmu na ƙwallo. Mu da muka yi wayo a shekarun 1990 mun tuna lokacin da Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, duk ba ta ɗauka ba. Shooting Stars ta hana mu, Julius Berger ta hana mu, Eagle Cement ta hana mu. Jihar ko shekara 10 ba ta cika ba lokacin da aka fara wannan, tunda a 1987 aka ƙirƙiro ta. A rediyo muka ji yawancinsa, mun ji zafi, amma ban tuna an fasa motar kowa ba. Kwatanta da Afrilun 2022, da aka tashi wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha ba a gama ba, 'yan kallo suka shiga fili, aka farfasa motar 'yan wasanmu. Aka ci tarar Pillars naira miliyan 9, aka cire mata maki 3. Ƙarshen kakar, mu da su duka muka gangara gasar gajiyayyu, sai a 2023 muka dawo tare. Kada kuma mu yi ta nuna Kano da yatsa, domin mu ma an taɓa hukunta mu a kan abin da aka yi wa baƙi a Katsina. Kada kuma a ɗauka 'yan kallon zari-ruga waliyyai ne. A cikin fili dai kyaftin ne ke magana da alƙalin wasa, cikin ladabi, amma Wayne Barnes da ya hura wasan ƙarshe na kofin duniya a 2023 sai da aka yi ta aika mashi da iyalinsa barazanar kisa ta intanet.

Ra'ayina, kuma ra'ayi ne, shi ne yawancin wannan zafin kai yana fitowa daga ɗan kallon da bai taɓa buga wasa a gaban jama'a ba, bai kuma taɓa ganin ƙaninsa ya shiga gwaji an ɗauke shi ko an bar shi ba. Shi sakamako kaɗai ya sani, musamman yanzu da caca ta shiga cikin wayoyi. Wanda ya taɓa tsayawa a layi koci na kiran sunaye bai ji nasa ba, ba ya saurin jifan ɗan wasa.

Wannan ya kawo ni gida. Lokacin da muke sakandare akwai matakala, ko da ba mu san sunanta ba. Da la'asar kowa ya fita fili, dole ne, malamin wasanni na tsaye da usur. Akwai gasar gida-gida, akwai karawa tsakanin makarantu, akwai kofin shugaban ƙaramar hukuma, daga nan a tsinci wasu a kai su Funtuwa ko Malumfashi, daga can sai Katsina. Ba kowa ya kai ba, amma kowa ya san wani da ya kai. Makarantar kwana ita ce ginshiƙin wannan matakala, domin ɗan jeka-ka-dawo da an tashi gida zai nufa, gona ko kasuwa na jiran sa.

Daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji. Ranar 17 ga wata aka sako 344. Nan take aka rufe makarantun kwana a jihar, kuma babu uban da zai ce ba a yi daidai ba a lokacin. A 2021 aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, sannan a Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. An yi lissafin rayukan da aka rasa, Allah ya jiƙansu. An yi lissafin shanu, da gonakin masara da dawa da aka bari ba a noma ba a yankin da ke cika kasuwar Ɗandume da hatsi. Fili ba ya cikin abin da ake lissafawa, kuma na fahimci dalili, wanda ake bin sa da bindiga ba ya tunanin ƙwallo. Amma yaron da yake da shekara 10 a daren da aka shiga makarantar nan yanzu saurayi ne. Duk shekarun da ake gane gwani a cikinsu sun wuce mashi tsakanin gudun hijira da zaman gida. Ƙungiyoyin unguwa suna nan suna ƙoƙari a cikin garuruwa, ina jinjina masu, su ke haɗa kuɗin ƙwallo da riguna daga aljihunsu. Sai dai ƙungiyar ƙauye ba ta iya zuwa ƙauyen gaba ta buga ta dawo da magariba kamar da, kuma mai neman 'yan wasa ba ya shigo wa. Yaranmu sun san benci na Manchester City kaf, amma da yawansu ba su taɓa ganin ɗan wasan Katsina United a tsaye ba.

Shi ya sa nake cewa maimakon mu ƙare ƙarfinmu a faɗan an ci mu ɗaya a wasan gwaji, mu tambayi a ina aka buga shi. Katsina United ƙungiyar jiha ce, da kuɗin ƙananan hukumomi 34 ake riƙe ta, har da namu. Wasan gasa dole a yi shi a filin Muhammadu Dikko, wannan doka ce ta masu gasa, ba wanda ke jayayya. Amma wasan share fage babu dokar da ta ɗaure shi a Karkanda ko a Kano. Me zai hana ɗaya a Ƙanƙara, ɗaya a Faskari, ɗaya a Sabuwa, ko da shekara-shekara ne ana zagayawa? A haɗa zaɓaɓɓun yaran ƙaramar hukuma su kara da su. Za a ci yaranmu, wataƙila da yawa. Amma koci zai tafi da suna biyu ko uku a takarda, yara dubu kuma za su koma gida sun ga abin da ake nufi da ɗan wasa.

Na san abin da za a ce, tsaro. Ba na raina wannan magana, ina da 'yan'uwa a ƙauyukan nan, kuma ba zan so a tara jama'a a jawo masu bala'i ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Lokacin kamfen babu hedikwatar ƙaramar hukumar da ba a zuwa, da jerin gwanon motoci da makaɗa da jami'an tsaro, a tara dubban mutane a watse lafiya. Kasuwannin mako suna ci. Ana sallar Idi a fili. Idan za a iya tsare taron neman ƙuri'a na awa uku, za a iya tsare taron ƙwallo na awa biyu da rana tsaka. A fara ƙarfe 3, a tashi kafin 5, baƙi su kama hanyar Funtuwa ko Malumfashi da sauran rana. Inda jami'an tsaro suka ce bana ba zai yiwu ba, a ji maganarsu a kai garin da zai yiwu, a kawo yaran can da mota.

Su kuma masu zari-ruga na Kano da Zariya, idan wannan rubutu ya isa gare su, ga fili nan. Salon bakwai-bakwai minti 7 ne kowane rabi, ƙwallo ɗaya ta isa makaranta guda, kuma akwai wanda ake koya wa yara ba tare da kayarwa ba, taɓawa kawai ake yi. Daga Zariya zuwa Funtuwa tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Yaran da suka taso suna langa da kokawa, suna ɗaukar buhun masara a kafaɗa tun suna shekara 15, ba sai an koya masu turereniya ba, dokokin kawai za a faɗa masu.

Shugabannin ƙananan hukumominmu uku, da 'yan majalisarmu, da masu riƙe da ƙungiyar jiha, da yawanku kuna cikin abokaina a nan kuma na san kuna karantawa ko da ba ku tanka ba. Abin da ake buƙata a fili bai wuce a yanke ciyawa, a cike ramuka, a zuba farar ƙasa a ja layi, a ɗaura raga ba. Farar ƙasar ma a Ƙanƙara ake haƙo ta.